Ɗauko Kawu Labbo

Tun ranar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Inna Zulai a bakin murhu, Hausa ta fita daga bakinta. Da ta farfaɗo a wani asibiti a Gusau ta buɗe baki, Fillanci ne ya fito, harshen da ta ajiye tun tana budurwa, lokacin da aka kawo ta aure ƙauyen Gidan Tambaya daga wata ruga ta ƙasar Tsafe. Shekara fiye da hamsin tana cinikin daddawa da Hausa, tana faɗa da Hausa, tana yi wa jikoki wasa da Hausa, amma yanzu ko sannu aka ce mata sai ta tsura wa mutum ido. Likita ya ce akan samu haka, a mayar da ita gida a ci gaba da magani da addu'a.

A cikin 'ya'yanta uku babu mai jin Fillanci. Mansur, ɗanta na fari, malamin tarihi ne a wata kwaleji a Gusau, yana zaune a Tudun Wada da iyalinsa, kuma abin da ya riƙe na harshen uwarsa bai wuce sunan ruwa da na nono ba. Balkisu ce ta baro gidan mijinta ta dawo jinya. Sahabi, autansu, shi ya gaji gonar mahaifinsu a ƙauyen, can bayan Bungudu, kuma tun shekarar da 'yan bindiga suka kashe mutane a gonakin fadama ya shiga 'yan sa-kai masu gadin gari. Shi ya sa aka rufe tagar ɗakin Inna mai kallon hanya, aka toshe gefenta da tsumma. Ya ce saboda sauro ne. Balkisu ta san ba sauro ba ne, ba ya so masu wucewa su ji harshen da ke fitowa daga gidansu.

Wata safiya a tsakiyar damina Balkisu ta kira Mansur a waya, muryarta a dushe. Ta ce Inna ta daina karɓar kunu, magana ɗaya take ta maimaitawa tana hawaye, kuma a cikin maganar duka kalma guda kawai suke ganewa, wato Labbo, sunan wanta. Ta ce ta yi wa Sahabi zancen a ɗauko shi daga Tsafe, ya ce ba zai iya tsare ran Bafillace a Gidan Tambaya ba a wannan zamani, ko da kuwa ciki ɗaya suka fito da Inna.

"Yaya, ni dai na faɗa maka," in ji ta. "In ta rasu ba mu san abin da take cewa ba, ban san yadda za mu yi da kanmu ba."

Mansur ya daɗe zaune da makullin mota a hannu. Ba hanyar Tsafe kaɗai yake tsoro ba. Akwai wata magana tasa da ta riga shi zuwa ko'ina.

Kafin faɗuwar damina ɗalibai sun gayyace shi ya yi musu lacca kan mulkin mallaka, shi kuma ya zaɓi ya nuna musu yadda Turawan mulki suka jera mutanen ƙasar nan hawa-hawa kamar matakala. Ya fassara musu rahoton wani jami'in Bature, ya karanta shi da irin muryar isa da yake jin mai rubutun zai yi, don yaran su ji girman rainin. Baturen ya ce Fulani ba 'yan nan ba ne, daga gabas mai nisa suka zo, farar fatarsu da siririn hancinsu shaida ne cewa jininsu ya fi kusa da na Turawa, don haka an halicce su ne su yi mulki. Hausawa kuwa, in ji shi, baƙaƙe ne masu ƙarfi da fara'a, amma kamar yara suke, sai da mai riƙe musu hannu. Da Mansur ya gama karantawa sai ya ajiye takardar, ya kwashe kusan awa yana warware ta. Ya nuna musu cewa wanda ya kafa matakalar ya kafa ta ne don ya zauna a samanta, cewa hanci da fata ba su taɓa ba wa kowa hankali ba, kuma Baturen da ya yabi hancin Bafillace shi ne ya bi shi daji da jangali. Ya ce su duba gidajensu su gani, wa zai iya tsaga jininsa ya ware na wannan da na wancan.

Wani daga cikin masu ɗauka da waya ya yanke wurin karatun kaɗai, ya sa hoton Mansur, ya rubuta a ƙasa cewa masanin tarihi ya fasa ƙwai. Kafin mako ya zagayo bidiyon ya shiga wayoyin 'yan acaɓa da masu shayi. Mansur ya yi ta bayani a duk inda ya zauna, har ya gaji ya koma yin shiru, yana fatan abin ya mutu da kansa.

Ya isa Tsafe da hantsi, bayan ya wuce shingayen jami'an tsaro da gonakin da aka bari ciyawa ta cinye. Kawu Labbo ba ya ruga yanzu. Tun da aka kore masa shanu, aka ƙone bukkokinsu, ya dawo bayan gari yana zaune a wani kango da ɗansa Aliyu ya rufa wa kwano. Mansur ya same shi a kan buzu yana gyaran igiyar akuya, dogo, siriri, gemunsa fari fat. Ya durƙusa ya gaishe shi. Tsohon ya amsa a hankali, bai ɗago ba sai da ya gama ƙullin da yake yi.

Da ya ji halin da ƙanwarsa take ciki, sai ya miƙa hannu ya jawo takalmansa. Aliyu ne ya tare ƙofa. Ya ce ubansa ba zai je ƙasar Bungudu ba, ko mako biyu ba a yi ba da aka sauke wata mai tallar nono daga mota a wajen can, har yau ba a ga ko ɗankwalinta ba, mace ma ke nan. Sannan ya juyo kan Mansur ya ce shi da bakinsa ya gaya wa duniya cewa su baƙi ne, yanzu kuma ya zo ya kai tsoho inda za a yanka shi da hujja.

Mansur ya fara bayanin da ya saba, cewa maganar Bature ce ya karanta, an yanke sauran. Aliyu ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce ai ba manoma kaɗai ke sauraron bidiyon ba. Yaran da ke cikin daji ma suna da shi, su kuma ɓangaren da ya ce an halicce su su yi mulki shi suke maimaitawa, har da masu cewa ashe tun da can an sani. Wannan Mansur bai taɓa ji ba.

Kawu Labbo ya riga ya naɗa rawaninsa. Ya ce da ɗansa ya matsa. "Ni na goya Zulai ranar da uwarmu ta rasu," in ji shi. "In tana kirana, zan tahi." Aliyu ya matsa, amma sai da ya riƙe ƙofar motar ya ce wa Mansur a hannunsa ya ba shi, a hannunsa zai karɓa.

Har suka shiga Gusau suka fita ta hanyar Sakkwato tsohon bai yi zancen bidiyon ba. Tambayoyinsa duka a kan Inna ne, wane gefe ne ya mutu, tana iya haɗiya, wa ke juya ta. Sai da suka wuce Bungudu suka sauka daga kwalta ya tambaya, kamar mai tambayar farashin gero, ko shi Mansur ya yarda da abin da Baturen ya faɗa. Mansur ya rantse masa bai yarda ba. Tsohon ya gyaɗa kai ya ce to mi ya sa ya karanta shi da daɗin murya haka.

Hanyar Gidan Tambaya ta ratsa tsakiyar gonaki, gero ya yi tsawo ya rufe gani ta kowane gefe, ga laka tana jan tayoyi. Mansur ya kira Sahabi sau biyu bai ɗaga ba. Yana cikin tunanin ko ya ce wa Kawu ya kwanta a kujerar baya, sai ya hango igiya an gitta ta a hanya, an rataya mata jajayen tsummoki. Samari 'yan sa-kai suka fito daga cikin geron, wasu da adda, wasu da bindigar toka. Babu wurin juyawa.

Shugabansu Kabiru ne, ɗan Malam Umaru da aka harbe a fadama yana shuka shinkafa. Mansur ya san shi tun yana rarrafe. Da Kabiru ya leƙo ya ga mai tuƙin sai fuskarsa ta washe, ya sauke bindiga ya miƙa hannu biyu. Ya juya ya gaya wa sauran cewa ga Malam ɗin nan na cikin waya, ɗan garinsu, wanda ya faɗi abin da manya suke tsoron faɗa. Samarin suka matso suna gaisuwa, wani har da cire hula. Wani kuma ya ciro waya ya kunna, muryar Mansur ta tashi a tsakiyar gonar tana cewa ba 'yan nan ba ne, daga gabas mai nisa suka zo.

A lokacin ne Kabiru ya sunkuya ya dubi kujerar gefe. Hayaniyar ta mutu.

"Malam, wanga fa?"

"Kawuna ne. Wan Inna Zulai. Ka san ba ta da lafiya, shi take kira."

Kabiru ya zagaya ya buɗe ƙofar, ya ce tsohon ya fito. Kawu Labbo ya fito a hankali yana dafa mota. Wani dogon saurayi ya sa hannu ya warware masa rawani, ya sa kan sandarsa a ƙarƙashin haɓarsa ya ɗaga fuskar sama, yana juya ta dama da hagu don sauran su gani. Ya ce su dubi hancin, su dubi fatar, wannan ko tambaya ba ya bukata. Irinsu ne ke shigowa da sunan gaisuwa su ƙirga ƙofofi, bayan kwana biyu a zo da babura.

Mansur ya fito. Ya ce su saurare shi, maganar da ke cikin wayar nan ba tasa ba ce, ta wani Bature ce da ya raina su gaba ɗaya, kuma a cikin maganar ma an kira su yara marasa wayo, ko ba su ji wannan ba? Ya ce abin da saurayin nan yake yi da sanda, shi ne ainihin abin da ya tsaya a gaban ɗalibai yana tsinewa. Yana magana yana jin yadda kalmomin ke fita da tsari irin na aji, ba su kama kowa ba.

Kabiru ya bar shi ya gama, sannan ya ce cikin ladabi, wanda ya fi zagi ciwo, "Malam, kar ka janye gaskiya don ta biyo ta gidanku. Mun ji inda ya ce mu yara ne. Shi ya sa muka tashi, don a san mun girma." Ya ce za su wuce da tsohon sansaninsu su yi masa 'yan tambayoyi, in ba shi da laifi za a kawo shi gida kafin magariba. Mansur ya san mutanen da aka kai sansanin nan don tambayoyi, ya kuma san nawa ne suka dawo da ƙafafunsu.

Ya matsa ya tsaya tsakanin kawunsa da bakin gonar. Bai yi shawarar yin haka ba, ya dai tsinci kansa a wurin. Ya ce ba za a wuce da kowa ba sai Sahabi ya zo. Wani ya ɗana bindiga, ƙarar ta fito sarai. Kabiru ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwaya ba, ya dubi Mansur ya daɗe, sannan ya ciro tasa wayar ya kira Sahabi.

Jiran ya yi tsawo. Rana ta take, hadari na haɗuwa ta gabas, zufa na bin bayan Mansur. Kawu Labbo ya nemi izinin zama, ba wanda ya amsa, sai ya zauna a kan kunyar gona ya ɗora hannuwa a gwiwa, kansa ba rawani, leɓɓansa na motsi. Wata mata da ta fito daga gona da kwandon yakuwa ta hango su, ta koma da baya cikin geron.

Sahabi ya iso a kan babur da bindiga a rataye. Ya kashe injin, bai sauka nan da nan ba. Ya dubi wansa, irin kallon da ke cewa na gaya muku, sannan ya dubi tsohon da ke zaune a ƙasa. Rabonsa da shi tun rasuwar mahaifinsu. Mansur ya lura da abin da bai taɓa lura da shi ba, cewa a duk gidansu Sahabi ne ya fi ɗauko fuskar Kawu, kuma ya ga dogon saurayin nan ma yana kallon ɗaya yana kallon ɗayan.

Kabiru ya tambaye shi ko ya san da zuwan wannan mutum. Idon kowa ya koma kan Sahabi. In ya ce bai sani ba, magana ta ƙare. Ya sauko daga babur, ya sunkuya ya ɗauki rawanin daga cikin laka, ya kakkaɓe shi.

"Ni na aiki Yaya ya ɗauko shi," in ji shi. "Na manta ban gaya maka ba. Laifina ne."

Kabiru ya san ƙarya ce, Sahabi ma ya san ya sani. Suka koma gefe suna magana ƙasa-ƙasa, Mansur yana jin ɓaraguzan zancen, sunan Malam Umaru, sunan Inna, da wani dare da Sahabi ya ɗauko Kabiru a kafaɗa daga bakin rafi. Da suka dawo Kabiru ya faɗi sharuɗɗansa da ƙarfi don kowa ya ji. Za a karɓe wayar tsohon. Ba zai leƙa ko'ina ba sai ɗakin marar lafiya. Mutum biyu za su zauna a ƙofar gida. Kuma da an yi sallar la'asar zai bar garin, in ya ƙara ko minti ɗaya, Sahabi ne zai amsa. Aka sauke igiya.

A ɗan guntun tafiyar da ta rage, Kawu Labbo yana naɗa rawaninsa mai laka ya ce wannan ne karo na biyu da aka ɗaga masa haɓa da sanda. Na farko yana yaro, wani Bature ya zo rugarsu ƙirgar shanu. Ya kira shi, ya ɗaga masa fuska yana nuna wa abokinsa, tafinta ya ce Bature ya ce wannan yaro kyakkyawan iri ne, ba kamar sauran baƙaƙe ba. Har alewa ya ba shi. Kafin azahar ta ranar aka ɗaure ubansu a rana a jikin turke, saboda an sami shanun da ya ɓoye a kwari. "Na sha alewar kuwa," in ji shi. "Yaro ne ni."

Ɗakin Inna duhu ne, ga zafi, ga warin magani. Tana kwance ta rame har ta koma kamar yarinya, bakinta ya karkace gefe guda. Kawu Labbo ya durƙusa a bakin gadon ya kira ta da wani suna da 'ya'yanta ba su taɓa ji ba. Ta buɗe ido. Hannunta mai lafiya ya taso yana lalube har ya kama gemunsa, sai magana ta ɓalle mata kamar an buɗe rafi, tana yi tana shessheka, shi kuma yana amsawa da gajerun kalmomi. Balkisu ta toshe baki da mayafi. Mansur ya tsaya a jikin bango yana sauraron uwarsa kamar baƙuwa.

Da ta lafa, Balkisu ta tambayi abin da take ta faɗa duk kwanakin nan. Kawu ya ce da yawa zancen da ne, tana tambayar mutanen da suka daɗe da mutuwa, tana cewa a kwance maruƙa. Amma maganar da take maimaitawa guda ce. Tana tambaya wa ya rufe ta a nan, laifin mi ta yi, ba ta ganin rana, ba ta jin muryar kowa, ko an riga an binne ta ne ba a gaya mata ba.

Sahabi yana bakin ƙofa, bai shigo ba tun da suka iso. Ya jingina bindigarsa a waje, ya ratsa ɗakin, ya fizge tsummokin ya tura tagar. Ƙyauren ya kumbura da damina, sai da ya sa kafaɗa. Haske ya faɗo a kan gadon, iskar hadari ta shigo, Inna ta juya fuska wajenta tana lumshe ido. Ta ɗaga murya ta ce wani abu, muryar ta fita har hanya, inda samarin Kabiru biyu ke zaune a kan dakali. Kawu ya ce ruwa take so, kuma ta ce a ba wa baƙon da ke jikin bango wurin zama. Ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba saboda kunya, don haka Mansur bai san ko ta gane shi ba ne ko kuwa da gaske baƙo take gani.

Ta sha kunu a hannun wanta, rabin kofi. Ta yi barci tana riƙe da bakin rigarsa.

Kiran sallar la'asar ya zo da wuri a kunnen kowa. Suka yi salla a tsakar gida, yayyafi na sauka. Da suka sallame ɗaya daga cikin samarin ya leƙo zaure ya yi gyaran murya. Balkisu ta ce a roƙi Kabiru ya bar shi ya kwana, ko daren yau kaɗai. Sahabi ya girgiza kai. Ya ce ba Kabiru ne abin tsoro ba, akwai waɗanda ko Kabiru ba ya iya riƙe su in duhu ya yi, kuma labari ya riga ya zaga gari. Kawu Labbo ya ce Sahabi ya yi gaskiya, ya ba da magana a kansa, ba zai sa a kira shi maƙaryaci ba. Ya shiga ɗakin don ya zare rigarsa daga hannunta, tana jin motsi ta farka ta ƙara damƙewa, ta fara wannan kukan da Balkisu ta sani.

Mansur ya tsaya yana kallonsu, sai ya ji kansa yana cewa a ɗauko katifa a shimfiɗa a bayan mota. In Kawu ba zai zauna a inda Inna take ba, Inna za ta koma inda Kawu zai iya zama. Akwai ɗaki a gidansa na Tudun Wada, asibiti ma ya fi kusa. Sahabi ya buɗe baki zai yi musu, ya ce a nan ɗakinta yake, a nan kabarin Baba yake, mutane za su ce sun kori uwarsu. Balkisu ta ce mutane sun daɗe suna cewa abin da suka ga dama. Sai Sahabi ya fita ya dawo da katifar a kansa.

Shi da Mansur suka ɗauko ta, ba ta da nauyi ko kaɗan. Maƙwabta sun fito sun tsaya a ƙofofinsu cikin yayyafi, matan da suka yi shekaru suna sayen daddawarta. Wata tsohuwa ce kaɗai ta matso ta leƙa ta taga ta ce Allah ya ba da lafiya, Zulai. Inna ta amsa mata da Fillanci, tsohuwar ta ce amin.

A wurin igiya Kabiru ya miƙo wayar Kawu ta taga. Ya leƙa baya ya ga Inna kwance, kanta a cinyar Balkisu, ya gaishe ta a hankali, bai dubi tsohon ba. Ga Mansur kuwa ya ce, ba da fushi ba, in Malam ya canza magana to ya fito ya faɗa a waya kowa ya ji, kada ya riƙa faɗar wata a Gusau wata a gona. Mansur ya ce zai faɗa.

Ya faɗa ɗin. A satin ya zauna a gaban waya ya yi bayani tiryan-tiryan, ba tare da ya ari muryar kowa ba, ya ambaci sunan uwarsa da garin da aka haife ta. Waɗanda suka kalla ba su kai rabin rabin na farko ba, wasu suka ce an saye shi, wasu suka ce tsoro ne. Ɗalibansa kaɗan suka riƙa turawa, shi ma bai daina ba.

Inna Zulai ta yi sauran damina a Tudun Wada, Kawu Labbo na kwana a tabarma a bakin gadonta. Aliyu ya zo daga Tsafe da niyyar tafiya da ubansa, ya ga yadda take cin abinci a hannunsa, ya koma shi kaɗai. Sahabi yakan zo ranar Juma'a da damin itace ko ƙwaryar gero a bayan babur, ya gaishe da kawunsa a tsaye, ya zauna a wajen ƙafafun Inna har la'asar. Hausarta ba ta dawo ba. Ta rasu ana fara yankan gero, da hantsi, aka yi mata sutura a Gusau. Bayan addu'ar uku Mansur ya ce zai mayar da Kawu Tsafe, Sahabi ya ce ya bari, motar haya ta fi rashin jan ido. Shi ya raka tsohon tasha, ya sama masa kujerar gaba, ya tsaya har motar ta cika ta tashi, sannan ya hau babur ya kama hanyar Bungudu, don a ranar shi ke da gadi.